Ciwon da ke zama da mutum: yaya za mu biya kuɗin magani ba mu sayar da gona ba?

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata matsala da ta shiga gidaje da yawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Matsalar ita ce ciwon da ke zama da mutum shekara da shekaru, da kuɗin maganinsa da ba ya yankewa.

Ciwo iri biyu ne

Akwai ciwon da ke zuwa ya wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro da zawo da mura. Mutum ya sha magani ƴan kwanaki, ya warke, ya koma gona. Akwai kuma ciwon da ke zama, kamar hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, da farfaɗiya, da asma, da amosanin jini. Yawancinsu ba su warkewa gaba ɗaya. Amma magani yana kwantar da su, har mai ciwon ya yi noma, ya yi kasuwa, ya ga jikokinsa.

Za mu fi ba da ƙarfi a kan hawan jini da ciwon sukari, domin su ne suka fi yawa ga manya. Idan an auna jinin mutum a ranaku dabam-dabam, ana samun 14 bisa 9 ko fiye, to yana da hawan jini. Sau da yawa ba ya jin komi a jikinsa. Shi kuwa ciwon sukari, ana gane shi ta awon jini da safe kafin a karya kumallo. Idan sukari ya kai giram 1,26 a cikin lita, aka sake awo aka sami haka, ciwon ya tabbata. Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, da gajiya.

Me ya sa muke biya daga aljihu?

A shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali. Suka amince cewa jama'a za su riƙa biyan wani abu a likita, domin a riƙa sabunta magani da kuɗin. A 1993 aka gwada wannan tsari a Boboye da Say. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sai maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada ƙwarai. A 1995 aka kafa dokar biyan kuɗin magani a ƙananan likitoci na ƙasar Nijar.

Ma'aikatan gwamnati da na wasu kamfanoni suna da wanda ke ɗaukar musu wani kaso na kuɗin asibiti. Wasu kuma suna da inshora, wato suna zuba kuɗi tun suna lafiya, ranar ciwo a biya musu. Manomi da makiyayi da mai ƙaramar sana'a, yawancinsu ba su da wannan. Abin da ke cikin rumbu da abin da ke ɗaure a turke, su ne inshorarsu.

Abin da aka sauƙaƙa

Ya kamata kowa ya san haƙƙinsa, kada ya biya abin da aka yafe masa. Tun 2005 aka yafe kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocin gwamnati. A 2006 aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali. Maganin tarin fuka, wato tibi, da na kuturta, da na sida, kyauta ake ba da su. Daga ranar 1 ga watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin lokotoro, da na gado, da na awon jini da hoto, da na tiyata, a likitocin gwamnati. Ta kuma yafe kuɗin haihuwa, ta soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya.

Wannan sauƙi ne babba. Sai dai ƙwayar da babba mai hawan jini ko ciwon sukari zai sha kowace rana, har yanzu shi ne ke sayenta. Ko abin da aka ce kyauta ne, wani lokaci yakan yanke a likita, a rubuta wa mutum takarda ya je farmasi. Saboda haka tilas ne kowane gida ya yi nasa shiri.

Daina magani ya fi shansa tsada

Ga abin da muke gani a garuruwanmu. Mutum ya fara magani, ya ji sauƙi, kuɗi suka ƙare, sai ya daina. Yana tsammanin ya warke. Alhali kuwa ƙarfin ƙwayar hawan jini na kwana ɗaya ne. Idan aka daina sha, cikin ƴan kwanaki jini zai koma inda yake, ya ci gaba da ɓarna a ɓoye. Yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da zuciya, da ƙoda, da idanu. Haka ma sukari idan ya yi yawa a jini.

Wata rana sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Ko kuma ƙaya ta soki ƙafar mai ciwon sukari, ta zama gyambon da ba ya warkewa, har a kai ga yanke ƙafar. Ko ƙoda ta gaza, a ce sai wanki sau 2 ko 3 a kowane mako, a manyan asibitoci irin na Yamai da Damagaram.

A ranar nan ne kuɗi ke fita da yawa. Za a ɗauki mota zuwa birni. Za a biya gado da awo da allurai. Mai jinya zai bar gonarsa, wataƙila ana tsakiyar noma. Za a kai sa ko raƙumi kasuwa da gaggawa, mai saye kuwa ya san halin da ake ciki, sai ya taya yadda ya ga dama. Daga nan sai jinginar da gona. Gidaje da yawa ta wannan hanya suka talauce. Kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai abin da mako biyu a gadon asibiti ke ci ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani.

Mu yi lissafi

Wanda ya iya karatu da lissafi yana da makami a hannu. Mu ɗauki alƙalami. Abin da za mu kawo misali ne kawai, domin kuɗin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, daga gari zuwa gari. Kowa ya sa nasa adadi.

Mu ce maganin wata guda jika 3 ne. A wata 12 ya zama jika 36.

Mu ce ana zuwa ganin lokotoro sau 4 a shekara, kuɗin mota zuwa da dawowa jika 2. Ya zama jika 8.

Mu ce ana awon jini da fitsari sau 2 a shekara, kowane jika 3. Ya zama jika 6.

Idan muka haɗa 36 da 8 da 6, mun sami jika 50 a shekara.

Jika 50 a rana ɗaya kaya ne mai nauyi. Amma shekara mako 52 ce. Ke nan wanda ya ajiye jika ɗaya kowace ranar kasuwa, ya biya kuɗin shekara har da saura. Idan ƴaƴa huɗu suka raba, kowane zai kawo dala 50 a mako. Manomi ba ya cinye irin shukarsa, ko da yunwa ta matsa. Kuɗin magani ma haka ya kamata mu riƙe shi. A ware shi tun da wuri, kada a taɓa shi don biki ko suna.

Ina za a samo kuɗin?

Na ɗaya, rabon magani a lokacin kaka. Idan amfanin gona ya zo gida, mukan ware na ci, da na iri, da na zakka. Mu ƙara kashi na huɗu, na magani. Ya fi kyau ya zama abin sayarwa, kamar wake ko gujiya ko aya ko riɗi ko albasa, domin kada a taɓa hatsin da iyali za su ci. A adana wake da kyau don kada ƙwari su cinye shi.

Na biyu, kada a sayar duka a kaka. A lokacin nan kowa na kai kaya kasuwa, farashi yana ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Nijar suke aiki da tsarin warantaj. Manomi yana ajiye buhunansa a magazan ƙungiya, a rufe, asusun bashi ya ba shi rance. Bayan wasu watanni ya biya, ya karɓi kayansa, ya sayar lokacin da farashi ya tashi. A yi hattara dai, akwai shekarun da farashi ba ya tashi sosai, kuma rance yana da kuɗin ruwa. A yi lissafi kafin a shiga.

Na uku, dabbar magani. A ware akuya ɗaya ko biyu, ko ƴan kaji da zabi, kowa a gida ya san cewa na magani ne. Abin da suka haifa, da ƙwan da suka yi, kuɗinsu ya shiga asusun. Wanda ya iya turka rago ya sayar gab da babbar salla, ya sami kuɗin watanni da yawa. Sayar da ɗan akuya cikin natsuwa ya fi sayar da san noma cikin ruɗewa.

Na huɗu, asusun ƙungiya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Mata suna taruwa kowane mako, suna zubi, suna ba juna rance. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Ƙungiyoyi da dama suna da ɗan asusu na dabam domin ciwo da rasuwa. Maza ma suna iya yin irin wannan. A wasu garuruwa kuma akwai asusun taimakon juna na lafiya, inda kowane gida ke zuba kuɗi a shekara. Kafin ku shiga, ku tambaya a fili: shin yana biyan maganin hawan jini da na sukari kowane wata, ko kuwa ciwon da ke zuwa ya wuce kaɗai?

Na biyar, ƴaƴa da ƴan uwa da ke cin rani. Da yawa suna aiko da kuɗi masu yawa ranar da suka ji an kwantar da tsoho a asibiti. A gaya musu gaskiya tun yau. Ɗan abin da za su aiko a farkon kowane wata ya fi amfani, kuma ya fi musu sauƙi. A zaɓi mutum ɗaya amintacce ya riƙa karɓa, yana sayen magani, yana rubutawa.

Na shida, taimakon marasa ƙarfi. Wanda ba shi da gona ba shi da dabba, kada kunya ta hana shi magana. A manyan asibitoci akwai ofishin taimakon jama'a. A ofishin magajin gari ana neman takardar shaidar rashin ƙarfi. Ba kullum ake dacewa ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Masu fitar da zakka su ma su tuna da matalaucin da ciwo ya zaunar a cikin unguwarsu.

Yadda za a rage kuɗi a likita da farmasi

Ku gaya wa lokotoro ko majo ƙarfinku tun kafin ya rubuta takarda. Ku ce masa: ga abin da nake iya biya kowane wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau da yawa akwai magani mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin.

Ku nemi jenerik. Jenerik magani ne da ake sayarwa da ainihin sunansa, ba da sunan da kamfani ya laƙa masa ba. Abin da ke cikinsa ɗaya ne da na mai kwali mai ado, aikinsu ɗaya, amma kuɗinsa ya fi sauƙi. Ga yadda ake rubuta wasu a jikin kwali: Amlodipine da Hydrochlorothiazide na hawan jini ne, Metformine da Glibenclamide na ciwon sukari ne. Lokotoro ne kaɗai zai zaɓa wa mutum wanda ya dace da shi. Amma ku koyi karanta sunan naku, da lambar ƙarfinsa, da ranar lalacewarsa. Ku fara dubawa a farmasin likita da farmasin gwamnati.

Idan takarda ta ƙunshi magani da yawa, kuɗi kuma ba su kai ba, ku tambayi wanda ya rubuta: wane ne ba a iya bari? Kada ku zaɓa da kanku a bakin kanta.

Ku riƙa awo a likitar da ta fi kusa da ku. Ba kowane wata ne sai an je birni ba. Idan ciwo ya kwanta, ku tambaya ko za a rubuta muku maganin wata 2 ko 3, domin a rage kuɗin mota. Ku koma sayen wani tun da sauran na mako guda a hannu.

Ku adana karnenku, wato ɗan littafin da ake rubuta awo da magani a ciki. Ku sa shi cikin leda, ku tafi da shi duk inda za ku. Wanda ya ɓatar da karne yakan sake biyan awon da ya riga ya yi.

Mai yin allurar insulin da ba shi da firiji, ya sa kwalbar cikin ɗan gwangwani mai murfi, ya ajiye a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, a inuwa. Kada rana ta taɓa ta. Ya tambayi lokotoro kwana nawa kwalbar da aka buɗe take yi. Kuma kada ya daina allurar ko na kwana ɗaya ba da izini ba, domin ga wasu masu ciwon hakan yana iya kisa.

Arahar da ke jawo hasara

Kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada a sha yau a tsallake gobe. Rabin magani ba ya tsare mutum, an kashe kuɗi ne a banza.

Kada a sha maganin wani. Ciwo yana iya zama ɗaya, jiki ya bambanta.

Kada a sayi magani a tire ko a bayan keke a kasuwa. Ya sha rana da ƙura, wani ma jabu ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci. Mu ma a nan Nijar, lokacin annobar sanƙarau ta 1995, an gano allurar rigakafi ta jabu.

A kula da ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha bayan aikin gona, irin su Diclofenac da Ibuprofène. Yawan shan su yana tayar da jini, yana cutar da ƙoda. Ƙwayoyin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba su ma suna tayar da sukari da jini.

A yi hankali da duk wanda ya ce zai raba mutum da hawan jini ko sukari cikin mako guda idan an ba shi rago. Mai shan sassaƙe ko jiƙo ya gaya wa lokotoro, kuma kada ya ajiye ƙwayarsa saboda su.

Maganin da ba a saya

Akwai taimakon da ke cikin tukunya. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen miya na kanti gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Kanwa ma tana tayar da jini kamar gishiri. Uwargida ta rage su sannu a hankali, ta ƙara albasa da gabu da tafarnuwa da citta da daddawa. Gida duka zai amfana, kuɗin cefane ma zai ragu.

Mai ciwon sukari ya bar sa sukari a shayi da fura da kunu, ya bar lemun kwalba. Ya rage yawan tuwo, ya ƙara wake da ganye, kamar zogale da rama da yakuwa da kuɓewa. Kada ya sha ƙwayarsa ya zauna da yunwa, domin sukari na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da zufa da jiri. Idan haka ta faru, ya sha ruwa mai sukari nan take, sa'an nan ya je likita. Ya riƙa sa takalmi a gona, ya duba ƙafafunsa kowane dare. Mai shan taba ya daina, kuɗin tabar ya shiga asusun magani. Wanda aikinsa na zama ne ya riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa kowace rana.

Waɗannan duka ba su maye gurbin ƙwaya. Amma suna taimaka mata, har wani lokaci lokotoro ya rage yawan abin da ake saye.

Aikin gari duka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu irin wannan ciwo a gari ɗaya suna iya haɗa kai. Su sa rana ɗaya a wata su je awo tare. Su aiki mutum ɗaya birni ya sayo wa kowa maganinsa da takardarsa, su raba kuɗin mota. Su kai kukansu ga kwamitin da ke kula da likitar garin, domin a riƙa ajiye maganin hawan jini da na sukari a kusa. Mu da muka yi yaƙi da jahilci, a nan ne karatunmu zai yi rana. Mu riƙe littafin asusu, mu karanta wa tsofaffi sunan magani da ranar komawa likita.

Duk wanda ya kai shekara 40, ko ya ji lafiya lau, ya je a auna jininsa ko da sau ɗaya a shekara. Wanda aka gano ciwonsa da wuri, maganinsa ya fi araha.

Muna roƙon duk wanda wannan jarida ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali da wurin taron ƙungiya. Sa'an nan kowane gida mai maras lafiya ya zauna kafin kaka ta wuce, ya yi lissafinsa na shekara, ya ware rabon magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, amin.